Tambayoyi da Amsoshi a kan Nazarin Waƙar "A Psalm of Life" ta Longfellow

Waƙar nan baiti 9 ce kacal, ɗango 36, kuma mai karatu a nitse zai kai ƙarshenta cikin minti biyu. Gajartar tata da sauƙin kalmominta su ne ke yaudarar ɗalibai, sai su taƙaita ta da cewa "a dage da aiki", su rufe littafi. Alhali gardama ce mai zafi tsakanin zuciyar saurayi da wata murya da ke gaya masa cewa rayuwa mafarki ce. Wanda bai ji wannan gardama ba bai shiga waƙar ba tukuna.

Wane ne ya rubuta ta, kuma a wane hali?

Henry Wadsworth Longfellow ne, mutumin Amurka, wanda aka haifa a garin Portland na jihar Maine a 1807, ya rasu a 1882. Ya rubuta waƙar a 1838 yana da shekara 31, lokacin yana koyar da harsunan Turai a Jami'ar Harvard. Ta fara fitowa a mujallar The Knickerbocker ta birnin New York a wannan shekarar, sannan ya sa ta cikin kundin waƙoƙinsa mai suna Voices of the Night a 1839.

Abin da ya kamata ɗalibi ya riƙe shi ne halin da mutumin yake ciki. A watan Nuwamba na 1835 matarsa ta fari, Mary Potter, ta rasu a birnin Rotterdam na ƙasar Holan bayan ta yi ɓari, suna tsakiyar tafiya. Ya dawo gida ba tare da ita ba. Matar da ya nema daga baya, Frances Appleton, ta shekara da shekaru ba ta amince ba, sai a 1843 aka yi auren. Saboda haka mai cewa "rayuwa da gaske take" a wannan waƙa mutum ne da ya rasa matarsa yana ƙasa da shekara talatin. Wannan kaɗai ya isa ya canza yadda ake jin kowane baiti.

Me sunan waƙar yake nufi, kuma wa ke magana da wa?

Kalmar psalm tana nufin waƙa ɗaya daga cikin Zabura, wadda ake dangantawa da Annabi Dawuda. A ƙasan sunan akwai ƙaramin kai da yawancin ɗalibai ke tsallakewa, ma'anarsa: abin da zuciyar saurayin ta faɗa wa mai zabura. Wato akwai mutum biyu. Ɗaya ya riga ya yi magana kafin waƙar ta fara, ya ce duniya wofi ce. Ɗayan yana mayar masa da martani. Shi ya sa waƙar ta buɗe da hani, "Tell me not", wato kada ka ce mini. Ba a fara hira da hani sai in an riga an ji abin da ya ɓata rai.

An ruwaito cewa Longfellow da kansa ya ce mai zaburar nan ba Dawuda ba ne, ba Sulaimanu ba ne, shi marubucin ne. In haka ne, mutum ɗaya ne ya rabu biyu: ɓangaren da baƙin ciki ya danne, da ɓangaren da ya ƙi kwanciya. Kuskuren da ake yawan yi a jarrabawa shi ne a rubuta cewa wani dattijo ne ke yi wa matasa nasiha. Akasin haka ne, ƙaramin ne ke ƙin maganar babba.

To, mece ce amsar waƙar? Me ke sa rayuwa ta zama mai daraja?

Amsar tana baiti na 3, amma sai an bi matakan kafin a ga nauyinta.

Baiti na 1 da na 2 musu ne. Rayuwa ba mafarki ba ce, ran da ya yi barci matacce ne, kabari kuma ba shi ne abin da rayuwa ta sa gaba ba. Maganar "daga turɓaya kake, ga turɓaya za ka koma" jiki ta shafa, ba ta shafi rai ba.

Baiti na 3 shi ne ƙashin bayan waƙar. Ya ce ba jin daɗi aka ƙaddara mana ba, ba kuma baƙin ciki ba, a'a, mu yi aiki yadda kowace gobe za ta same mu mun wuce inda muke yau. A lura da kyau: ya ture jin daɗi da baƙin ciki gaba ɗaya, da hannu ɗaya. Ɗalibai kan ga rabin farko su ce waƙar tana hana holewa. Rabi na biyu ya fi muhimmanci ga mutumin da ke cikin makoki, domin yana gaya wa kansa cewa zama cikin baƙin ciki ma ba aikin rai ba ne. Ma'aunin da ya kafa kuma mai sauƙi ne, bai ce a kai wani matsayi ba, ya ce a matsa gaba da inda ake jiya.

Baiti na 4 ya dawo da mutuwa cikin maganar. Zukatanmu, duk da jarumtarsu, suna bugawa kamar gangunan da aka lulluɓe, suna rakiyar mu zuwa kabari. Saurayin bai musanta mutuwa ba, ya yarda da ita, kuma daga nan ne gaggawarsa ta taso.

Baiti na 5 da na 6 umarni ne zalla: kada ka zama kamar shanun da ake korawa, ka zama gwarzo, kada ka dogara da gobe komai daɗinta, ka bar jiya ta binne matattunta, ka yi aiki yanzu. A baiti na 6 kowane ɗango da alamar motsin rai yake ƙarewa, nan ne muryar ta fi ɗagawa.

Daga baiti na 7 zuwa na 9 babu alamar motsin rai ko ɗaya. Muryar ta sauka, ta bar ba da umarni ga "kai", ta koma "mu". A nan ne aka ba da dalilin aikin: mu bar sawun ƙafa a kan yashin zamani, ko wani ɗan'uwa da jirginsa ya fashe zai gani ya samu ƙarfin gwiwa. Mu a ganinmu wannan ne wurin da waƙar ta fi gaskiya, domin darajar rayuwar ta tashi daga kan mai ita ta koma kan wani baƙo da ba zai taɓa haɗuwa da shi ba. Kalmar ƙarshe ta waƙar kuwa ita ce wait, wato jira. Waƙar da ta yi ta ihun "yi aiki" ta ƙare da koyon haƙuri. Ɗalibin da ya lura da wannan a amsarsa ya wuce sa'o'insa.

Yaya ake gano karin waƙar? Na saba da na Hausa, na Turanci yana rikita ni.

Rikicin yana da dalili. Karin rubutacciyar waƙar Hausa, kamar na Larabci, a kan nauyin gaɓa yake tafiya: gaɓa marar nauyi kamar "ta", da mai nauyi kamar "tan" ko mai dogon wasali. Turanci bai damu da wannan ba, danni yake ƙirgawa, wato gaɓar da ake furtawa da ƙarfi da wadda ake sassautawa. Wanda ya zo da kunnen Hausa zai riƙa neman dogon wasali, sai ya ɓata.

Ga hanyar da ke aiki. Ka rubuta ɗangon, ka raba shi gaɓa-gaɓa, ka karanta da ƙarfi kana buga tebur da tafin hannu a duk inda murya ta danna, sannan ka mayar da waɗannan gaɓoɓi manyan baƙaƙe:

TELL me NOT, in MOURN-ful NUM-bers
LIFE is BUT an EMP-ty DREAM

Ɗango na farko gaɓa 8 ne, na biyu 7, amma kowanne bugu 4 ne. Kowace ƙafa tana farawa da danni ta sauko, kamar tashin taɓarya da faɗuwarta a turmi. Sunan wannan kari a littattafan Turanci trochaic tetrameter, kuma da wannan suna za a tambaye shi a jarrabawa. Ɗango na 2 da na 4 na kowane baiti an yanke musu gaɓar ƙarshe, shi ya sa suke tsayawa cak a kan danni. Yawancin waƙoƙin Turanci da gaɓa mai sassauci suke farawa su hau, wannan kuwa da duka take farawa, abin da ya dace da mai gardama da kuma tafiyar soja.

Wurare huɗu ne ƙirga ke lalacewa ga mai koyo. Kalmar real a baiti na 2 gaɓa biyu ake furta ta, in ba haka ba ɗangon zai zama 7 maimakon 8. Kalmar funeral a baiti na 4 kuwa ana matse ta ta koma gaɓa biyu. Kalmar bivouac gaɓa uku ce. Sai ɗangon nan "Let the dead Past bury its dead", wanda gaɓa 8 ne a inda ake jiran 7, kuma dole harshe ya yi tuntuɓe a kansa. Kada ka gyara shi. Ka nuna shi, ka ce a wurin da ake maganar binne abin da ya wuce ne tafiyar ta yi nauyi. Gajerun kalmomi irin su o'er da howe'er da o'erhead kuwa an cire musu baƙin v ne don a rage gaɓa ɗaya.

Amsa-amon fa?

Tsallake-ɗaya ne: ɗango na 1 da na 3 suna amsa juna, na 2 da na 4 suna amsa juna, kuma kowane baiti da nasa. Babu babban amsa-amo ɗaya da ya ratsa waƙar kamar yadda aka saba a 'yar ƙwar biyar ta Hausa. Na 1 da na 3 gaɓa biyu ne ke amsawa, kamar numbers da slumbers, battle da cattle. Na 2 da na 4 gaɓa ɗaya ce, kamar brave da grave, fate da wait. A baiti na 8, sai an furta again da dogon wasali kafin ta amsa main.

Waɗanne kalmomi ne ke kayar da ɗalibai?

Waɗanda suka yi kama da sanannu ne suka fi haɗari, domin ba a duba su a ƙamus. Numbers a ɗango na farko ba lambobi ba ne, baitoci ne masu kari. Main a baiti na 8 teku ce. Dumb bebe take nufi, dabbar da ba ta da bakin cewa a'a, ba wawa ba. Stout ƙarfin zuciya ne, ba ƙiba ba. Art ta haɗa ilimi da sana'a da duk wata gwaninta da ake shekaru ana koyo, ba zane kaɗai ba. Still a baiti na ƙarshe "kullum" take nufi, ba tsayawa cik ba. Thou art tsohon Turanci ne na "kai ne", kuma art ɗin nan ba ta da alaƙa da wancan na baiti na 4.

Bivouac tana buƙatar ɗan tsayawa. Masaukin soja ne na dare ɗaya a fili, ba gini, ba shiri mai yawa, gari na wayewa a tashi. Kalmar Hausa da ta fi kusa ita ce zango. Da ka sa "zangon rayuwa" a wurin, sai ka ga saurayin da mai zaburar sun yarda a kan abu ɗaya, cewa zaman nan na wucin gadi ne. Inda suka rabu shi ne abin da ya kamata a yi kafin a ɗaura kaya.

Me ya sa ake cewa hoton ganguna da na sawun ƙafa su ne mafi ƙarfi?

A jana'izar soja a Turai da Amurka ana lulluɓe ganga da ƙyalle don sautinta ya dushe, a riƙa buga ta a hankali ana tafiya da gawa. Mai karatun da bai taɓa ganin kiɗa a jana'iza ba dole a bayyana masa wannan, in ba haka ba kamantawar za ta wuce shi. Ka ɗora tafin hannunka a ƙirji ka ji: bugun zuciya daga bayan ƙashi da tsoka dusasshe ne, daidai da gangar da aka rufe. Abin da ke nuna kana raye shi ne kuma ke ƙirga maka taku zuwa kabari. Sannan karin waƙar kansa irin wannan bugu yake yi, saboda haka ma'ana da sauti sun haɗu a baiti ɗaya.

Sawun ƙafa kuwa siffantawa ce mai kaifi biyu. Yashi ba ya riƙe sawu, igiyar ruwa ɗaya ta isa ta shafe shi. Da mawaƙin yana son ya ce suna zai dawwama, da dutse ya ambata. Ya kuma sa kalmar perhaps, wato wataƙila, a farkon baiti na 8, bai yi alkawarin cewa wani zai gani ba. Ɗalibin da ya rubuta cewa baitin yana nufin "shahara ta har abada" ya saka abin da babu a ciki. A lura kuma, baiti na 7 bai ƙare da aya ba, jimlar ta zarce cikin na 8, saboda haka ba a nazarin ɗaya a bar ɗaya.

Daga ina ya aro wasu maganganun?

Uku a fili suke. Maganar turɓaya daga littafin Farawa 3:19 take, kuma ana karanta irinta a jana'izar Kirista. Barin matattu su binne matattunsu daga Matiyu 8:22 yake. "Art is long, and Time is fleeting" kuwa tsohuwar magana ce ta Hippocrates, likitan nan na Girka, cewa ilimi dogo ne, rai gajere. Goethe, mawaƙin Jamus, ya yi amfani da ita a wasan kwaikwayonsa na Faust, kuma Longfellow yana koyar da ayyukan Goethe a Harvard a wancan lokaci. A amsa, ambaton tushen kaɗai bai isa ba. Ka nuna abin da ya yi da shi: a maganar turɓaya, ya karɓi nassin ya taƙaita shi ga jiki.

Cewa kada a dogara da gobe bai saɓa wa tawakkali ba? Yaya take da waƙoƙin wa'azi na Hausa?

Baitin da ya ce kada a amince wa gobe shi ne ya ƙare da "Heart within, and God o'erhead", zuciya a ciki, Allah a sama. Abin da ya hana shi ne zama a naɗe hannu ana jiran gobe ta gyara komai, kuma a baiti na ƙarshe ya nemi zuciyar da za ta karɓi kowace irin ƙaddara. Marubucin Kirista ne, amma bai kawo wata aƙida ta coci a waƙar ba, shi ya sa mabiya addinai daban-daban suka iya karɓar ta.

Kwatanta ta da waƙoƙin wa'azi yana da amfani in an yi shi da adalci. Dukansu suna tunatar da kabari da gajartar kwana. Waƙar wa'azi takan siffanta duniya a matsayin mayaudariya don a juya mata baya a nemi lahira. Longfellow bai yi maganar hisabi ko sakamako ba, ladan da ya ambata kawai shi ne wani bawan Allah ya ga sawunka ya miƙe. Kada ka murɗa ɗaya ta koma ɗayar, bambancin shi ne abin rubutawa.

An ce manazarta da yawa sun raina waƙar. Gaskiya ne?

Gaskiya ne. Edgar Allan Poe, mawaƙi kuma manazarci na Amurka, tun Longfellow na raye, ya soke shi da cewa yana mayar da waƙa aji na koyar da tarbiyya. A ƙarni na 20 darajarsa ta faɗi sosai a jami'o'i. Sukar da ake yi wa wannan waƙa musamman ita ce hotunanta sun yi yawa kuma ba su haɗu ba: daga mafarki zuwa ganga, zuwa filin daga, zuwa shanu, zuwa yashi, zuwa teku. Akwai kuma tambayar da ba ta da sauƙin amsa: wanda ke tafiya a kan teku, ta yaya zai ga sawu a kan yashi? Sai dai in an ɗauka jirgin ya fashe, ruwa ya jefo shi gaɓa. Sannan waƙar ta ce a yi aiki ba ta faɗi wane aiki ba.

Waɗannan suka suna da ƙarfi kuma ya kamata ɗalibi ya ambace su. Amma jama'a ba su bi manazarta ba. An haddace ta a makarantu, an fassara ta cikin harsuna da dama, kuma a 1884 aka kafa mutum-mutumin Longfellow a kusurwar mawaƙa ta cocin Westminster Abbey a Landan, shi ne mawaƙin Amurka na farko da aka yi wa haka.

Wane tsari zan bi in ina da mako ɗaya kafin jarrabawa?

Ranar farko ka karanta ta da ƙarfi sau uku ba tare da duba sharhin kowa ba, ka ja layi a ƙarƙashin kalmomin da aka lissafa a sama. Rana ta biyu ka rubuta ma'anar kowane baiti cikin jimla ɗaya ta Hausa, jimla 9 ke nan. In jimlar baiti ta ƙi fitowa, ba ka gane shi ba tukuna, ka koma. Rana ta uku ta kari ce: ka raba gaɓoɓin baiti na 1, na 4 da na 6. Rana ta huɗu ka bi wakilan suna da fensir, ka ga inda me ta koma our da us, da inda umarni ya fara ya ƙare. Sauran kwanakin na hadda ne da gwajin rubutu. Ba sai ka haddace duka ba, baiti na 3, na 4, na 7 da na 9 sun isa kafa hujja a kusan kowace tambaya.

A wajen rubuta amsa, kowane sakin layi ya ɗauki abu uku: maganarka, gajeren ɗango da ke tabbatar da ita, da bayanin yadda ɗangon ke aiki. Abin da ya fi cin maki shi ne jera sunayen adon harshe ba bayani, a ce "akwai kamantawa, akwai mutuntarwa" a wuce. Ka faɗi me aka kamanta da me, da abin da hakan ya jawo. Na biyu shi ne cika takarda da tarihin marubuci. Jimla biyu a kan rasuwar matarsa sun isa, sai dai in tarihin aka tambaya.

Zan iya fassara ta zuwa Hausa don in fahimta?

Ƙwarai, kuma yana daga cikin hanyoyin da suka fi tona inda mutum bai gane ba. Ka fara da fassarar zube, ɗango bayan ɗango, ba ruwanka da kari. In kana son mayar da ita waƙa, kada ka yi ƙoƙarin kwaikwayon dannin Turanci, Hausa ba ta tafiya a kansa, za ka ɓata dogayen wasula da karin sauti a banza. Ka zaɓi kari ɗaya na Hausa mai gajeren ɗango, ka tsara ta 'yar ƙwar huɗu don baitocin 9 su zauna yadda suke. Ɗangon Hausa zai nemi ya fi na Turanci tsawo, saboda kalmomi irin su life da grave da time gaɓa ɗaya-ɗaya ne, alhali rayuwa da kabari da lokaci uku-uku ne. Dole za ka zubar da wani abu, kuma siffofi ne suka fi sauƙin zubarwa. Abubuwa biyu ne ba a taɓawa: "wataƙila" ta baiti na 8, da kuma "jira", wadda dole ta zauna a ƙarshen ɗango na 36 kamar yadda take a asali.